Yaron da ke riƙe da POS ba ɗan aike ba ne

A gidajen abinci na Wurno, Rabah da Goronyo, kafin a ɗauki mai tuƙa tuwo sai an bincika: ina ta yi aiki, yaya miyarta take. Amma wanda zai karɓi kuɗi, sai a jawo ƙanin wani a ce "ai ya iya waya". A ganina daga nan asara ke somawa.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tiransifa ta isa har teburin mai shinkafa da wake. Yaron da ke duba alat shi ne ma'ajin gidan, ko an kira shi haka ko ba a kira ba.

Babban kuskure shi ne barin kwastoma su riƙa turawa cikin OPay ɗin yaron. Lambar asusun ita ce lambar wayarsa. Kuɗin tuwo ya cakuɗe da kuɗin datarsa, da dare a zauna lissafi har a kai ga rantse-rantse. Ranar da ya bar aiki kuma, tsofaffin kwastoma can za su ci gaba da turawa. Asusu da na'ura, Moniepoint ce ko wata, su kasance da sunan mai gidan.

Gwajin ɗauka ba ya cin minti biyar. Nuna masa hoton rasit, ka ce ka biya. In ya gyaɗa kai bai buɗe manhaja ya ga kuɗin sun shiga ba, alat na bogi zai cinye shi. A kuma tabbatar ya iya rubuta bashi a littafi. Mutanen Rabah da Goronyo ba su manta Satumbar 2021 ba, da aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga.

Sai dai ku matasa ma ku buɗe ido. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan kowane gidan abinci na yankin. Kafin ka karɓi na'ura, tambayi Hajiya ko Alhaji: nawa ne a rana, ƙarfe nawa ake tashi, wa zai biya in an yi alat na bogi? A turo maka amsar ta WhatsApp, ko da saƙon murya ne, kada ka goge.