Zuwa ga Wanzaman Damagaram, kan Ƙullutun Mama

Sarkin Aska, ranka ya daɗe, da sauran iyayena masu zabira daga Birni zuwa Zango, har Mirriya da Magariya, ina gaisuwa.

Na san wanzami ba ya son jarfa, amma ku yi haƙuri ku ji ni. Mace in ta ji ƙullutu a mama, sau da yawa ku ake fara kira kafin likita, tunda ku kuka yi wa 'ya'yanta askin suna. Roƙona shi ne kada ku yi masa sakiya, kada ku kafa ƙaho. Marurun mai shayarwa yakan yi zafi, ya yi ja, ya nuna. Amma wanda ya yi tauri, ba ya ciwo, ba ya motsi in an taɓa, fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemu, ko kan maman ya nutse ciki, ko kaluluwa ta fito a hammata, wannan ba mugunya ce a ciki ba, yana iya zama ciwon daji. In aka tsaga, miki zai buɗe ya ƙi warkewa, a yi wata da watanni ana jinyarsa, ciwon dajin kuwa yana ta ci.

Watannin nan su ke yanke irin aikin da za a yi mata. In ƙullutun ƙarami ne, ana iya cire shi da ɗan naman da ke kewaye, a bar mata mamanta. Binciken da likita Umberto Veronesi ya fitar a Milan ta Italiya a 1981 ya nuna cewa matan da aka yi wa haka suna rayuwa daidai da waɗanda aka cire wa duka, muddin an bi aikin da gashin na'ura. Matsalarmu ke nan: na'urar tana Yamai, a cibiyar yaƙi da ciwon daji, tun 2021, tafiyar kusan kilomita 900. Wadda ba ta da halin zaman makonni a can, cire maman duka tare da kaluluwar hammata shi ya fi mata, kuma ana yin sa a Babban Asibitin Zinder. Wadda ta zo da miki a buɗe kuwa, zaɓin ya riga ya kuɓuce mata.

Sau da yawa maigida ne ke hana tafiya asibiti, wai kada a yanke wa matarsa mama. To, ran Juma'a a gabanku yake durƙusawa a yi masa aski. Ku shaida masa cewa wannan ba aikin askarku ba ne, ya kai ta a duba a cikin makon.