Garanti ba alfarma ba ce: labarin wata talabijin a Gaya

Jama'a, yau ba maganar siyasa muka kawo ba, maganar talabijin ce. Kada wani ya ce ƙaramar magana ce, don a gidajenmu da yawa ita ce kaya mafi tsada bayan babur, kuma sai an daɗe ana adashi kafin a same ta.

Watanni huɗu da suka wuce muka haɗa kuɗi ni da yayata, muka saya wa ƙanwarmu talabijin cikin kayan ɗakinta, jika ɗari da ashirin, a wani shago nan cikin Gaya. A jikin kwalin an rubuta garanti na shekara ɗaya da manyan baƙaƙe. Mai shagon ma da bakinsa ya ce, "In ta samu matsala ku dawo." Ran nan amarya ta kunna, murya na fita, hoto babu. Muka ɗora a adaidaita muka koma. Amsar da muka samu kala uku ce, kowace da ranarta. Ranar farko: "Yarinya, kuran ne ya ƙona muku ita." Rana ta biyu: "Garantin ai na kamfani ne, ni sayarwa kawai nake." Rana ta uku: "Ina faktir ɗinku?" Shi da bai ba mu ba, mu kuma da ba mu tambaya ba.

Ba za mu kama sunan shagon ba, don matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma waɗannan amsoshi uku sun cancanci a zauna a kansu, domin duk wanda ya taɓa mayar da firji ko fanka ko waya ya ji irinsu.

Maganar kuran tukuna. Gaskiya ne wutarmu tana wasa, ta tafi ta dawo da ƙarfi, kuma hakan na lalata kaya. Amma ba kowace lalacewa ce ta wuta ba. Idan wuta ta yi yawa, galibi allon da ke karɓar wuta ne yake ƙonewa, sai talabijin ta mutu gaba ɗaya, ko ƴar jan fitilar nan ba za ta kama ba. Tamu kuwa tana magana. Wani mai gyara ya haska fitilar waya a kan gilashin ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba, sai ga hoto dishi-dishi. Wannan alama ce ta cewa ƙananan fitilun LED da ke bayan gilashi ne suka mutu, kuma ciwo ne sananne a irin waɗannan talabijin. Ku riƙe wannan gwajin, yana iya kashe gardama. Ku kuma riƙe cewa da zarar an buɗe bayanta a wajen mai gyaran unguwa, an ba mai shago hujjar da yake nema.

Sai maganar "na kamfani ne". Nan ne zaman Gaya a bakin iyaka yake shigowa. Kayan da ke shagunanmu ko dai sun biyo hanyar Kwatano zuwa Malanbil, ko sun shigo ta Kamba daga Najeriya. Takardar garantin da ke cikin kwali sau da yawa an buga ta ne don kasuwar wata ƙasa, da adireshin wurin gyara a Legas ko Kano ko Kwatano. Tun ƙarshen Yulin 2023 da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil, komai ya ƙara wuya. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris na shekarar, amma ta ɓangaren Benin mutane suka ci gaba da ƙetare kogi a kwale-kwale. Wa zai ɗora talabijin mai inci arba'in da uku a jirgin ruwa don neman gyara? Kuɗin hanya kaɗai ya kusa sayen wata.

Mun san ƴan kasuwarmu su ma sun ji jiki. Kaya sun daɗe a hanya, kuɗin dako ya hau, wasu jarinsu ya karye. Ba mu raina wannan ba. Amma tambaya ɗaya muke yi: wa ya karɓi kuɗin? Ƙanwata ba ta san kamfani ba, ba ta taɓa ganin dillalin Kwatano ba. Mai shago ta sani, shi ta miƙa wa kuɗi, shi ya ce mata ta dawo. Shi ne ya san wanda ya saro a wurinsa, shi ke da lambarsa, shi ke sake yin odar kaya. In akwai wanda zai bi kamfani, shi ne.

Kuma wannan ba ra'ayinmu kaɗai ba ne. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa, a sashe na 1641, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ke ɓoye a cikin abin da ya sayar. Nijar ta kuma yi dokar kare masu sayen kaya a 2015. Wanda ya ce shi dokar Nasara ba ta dame shi ba, to ya tambayi malamin zaurensu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a garin nan, akwai zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ya riga ciniki, yana da damar mayarwa. Kakanninmu sun yi aiki da wannan a cinikin doki da saniya. To don me zai faɗi a kan talabijin?

Wasu wurare sun wuce nan tuntuni. A Tarayyar Turai, mai sayarwa ne doka ta kama da garanti na aƙalla shekara biyu. Faransa a Janairun 2021 ta tilasta a riƙa nuna maki na sauƙin gyara a jikin wasu kayan lantarki, har da talabijin. Makwabciyarmu Najeriya tana da hukumar FCCPC mai karɓar koke. Ba mu ce can aljanna ba ce, amma mai saye ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Gaya fa, wace ƙofa ce?

Amsa ta uku kuwa, ta faktir, laifinmu ne, kuma mun karɓa. Kunya ke cutarmu. Ka ce wa Alhaji ya rubuta maka takarda, sai ka ji kamar ka ce masa ɓarawo. Wallahi ba haka ba ne. Rubutu ba ya rage amana, tsare ta yake yi, har shi mai shagon yake karewa daga wanda zai kawo masa kayan da ba a wurinsa aka saya ba.

Don haka ga abin da muke kira a kai. Masu saye, kada ku bar shago sai an kunna kaya a gabanku, an rubuta muku faktir mai kwanan wata, kuɗi, samfuri, lambar da ke bayan na'urar, da tsawon garanti, da tambarin shago. Ku ɗauki hotonta a waya. Ku tambaya a fili: in ta lalace, nan zan kawo ko ina? Wanda ke da hali ya haɗa da na'urar daidaita wuta. Ƴan kasuwa, wanda ba zai iya cika garanti ba ya faɗa tun kafin ciniki ya faɗa, ya rage kuɗi, mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe. Shugabannin kasuwa su ware masu gyara biyu ko uku da kowa ya yarda da su, waɗanda za su duba su faɗi ko wuta ce ko aibin kamfani. Ofishin kasuwanci na jihar Dosso da magajin gari kuma su sanar da mutane wurin kai koke, cikin Hausa da Dandanci da Zabarmanci, a gidajen rediyo. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata, muna jiranku a nan, ba Yamai kaɗai ake cutar mutane ba.

Mu dai mun koma karo na huɗu, da mai gyaran da kuma wani dattijon kasuwa da ya shaida cinikin. An daidaita a kan mai shago ya sayi fitilun, mu biya kuɗin aiki. Ba abin da ke jikin kwali ke nan ba, kuma mun samu ne don muna da wanda ya san wani. Matar da ke sayar da ƙosai, wadda ta tara nata kuɗin dala-dala, wa zai raka ta?

Ranar 15 ga Maris ce ranar masu sayen kaya ta duniya. Kafin ta zo muna so mu tattara irin waɗannan labarai daga Gaya da kewaye, mu kai su gaban hukuma a rubuce. Wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya aiko mana: wane kaya, wata nawa ya yi, me aka ce masa. Ba sai da sunan kowa ba.