Wane Kwafi Za A Goge?

Rumbu komai girmansa cika yake yi, haka kuma rumbun kwamfuta. Balle yanzu da ofisoshi ke raba babbar na'ura guda ta yi aikin kwamfutoci goma, a kuma kwafe kowace ɗungurungum duk dare don gudun asara. Kafin a ankara wuri ya ƙare.

Abin da malalacin ma'aikaci kan yi shi ne ya goge mafi tsufa. Wannan kuwa ganganci ne. Ɓarnar da ta shiga lissafin albashi wata shida baya ba za ta gyaru da kwafin jiya ba, tun da shi ma yana ɗauke da ita.

Tsohon abu ba a san ranarsa ba. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset-kaset na shirye-shiryenta don ta sake ɗaukar wasu a kai. Sai a 2013 aka sanar da gano kashi tara na wasan Doctor Who da suka salwanta, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos.

Masana suna da dabarar da suke kira kaka, uba da ɗa. Watau a riƙe kwafin kullum guda 7, na mako 4, na wata 12. Kwafi 23 ke nan maimakon 365, ga shi an waiwayi shekara guda. Na ƙarshen shekara kuma a kai shi wani gini dabam, a riƙa buɗe shi jefi-jefi a tabbata yana karantuwa.