Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: yadda coci zai shirya wa masu bincike daga waje

Tun farkon shekarar 2024 wata tawaga ke zagaya Cocin Ingila, yanki bayan yanki, tana buɗe fayiloli tana yi wa mutane tambayoyi. Ba limaman cocin ba ne. Ma'aikatan wani kamfani ne mai suna INEQE, ƙarƙashin Jim Gamble, tsohon ɗan sanda da ya taɓa shugabantar hukumar Birtaniya mai farautar masu lalata da yara ta intanet. Cocin ne da kansa ya ɗauko su don su duba ko yara da manya masu rauni suna cikin aminci a hannunsa. Yana da dayosis 42, wato yankunan da kowanne ke ƙarƙashin bishop ɗinsa, kuma duk wanda aka gama da shi sai a buga rahotonsa kowa ya karanta.

Duk shugaban da aka ce masa irin waɗannan baƙi na tafe, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne yadda zai fita kunya. A ganina daga nan ake fara ɓata aikin. Shirin da ya dace da wannan bincike shi ne a sauƙaƙa wa baƙin gano ɓarakar da ke gidan, har da wadda masu gidan ba su san da ita ba. Wanda ya shirya don a yaba masa zai samu yabon, yaran kuma su ci gaba da zama inda suke.

Cocin Ingila ya ɗanɗana wannan. Tsakanin 2007 da 2009 ya yi bitar tsofaffin fayilolin ma'aikatansa sama da 40,000, ya fito ya ce 13 ne kawai ke buƙatar a ɗauki mataki a kansu. Aka yi hamdala aka rufe. A 2018 Roger Singleton, wanda aka nema ya sake duba yadda aka yi aikin, ya nuna cewa bitar ba ta ba da cikakken hoto ba, kuma ba a nemi jin ta bakin waɗanda aka cuta yadda ya kamata ba. Sai aka koma baya. Bita ta biyu, wadda sakamakonta ya fito a Oktoban 2022, ta bi fayiloli 75,253, ta tono sababbin batutuwa 383, daga ciki 168 sun shafi yara. Gaskiya ne ta biyun ta fi faɗi, don ta haɗa har da manya masu rauni. Amma tazarar da ke tsakanin 13 da 168 ba faɗin bincike kaɗai ya kawo ta ba. Kafin wannan ma, a Oktoban 2020, kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ƙirga mutum 390, limamai da masu riƙe da amanar coci, da kotu ta samu da laifin lalata da yara daga shekarun 1940 zuwa 2018, ya kuma ce cocin ya fifita kare sunansa a kan kare yara.

To, ina ake farawa? Daga takardu, duk da cewa ba su ne suka fi muhimmanci ba. Masu bincike kan nemi a aika musu da su tun kafin su iso. Nan jarabawar farko take. Akwai fayilolin da ke ofis, akwai kuma waɗanda ke cikin durowar shugaba, makulli a aljihunsa: wasiƙar ƙorafin da wata uwa ta rubuto shekara goma baya, da takardar da aka yi sulhu a kanta a asirce, da labarin faston da aka yi wa canjin wurin aiki ba tare da an faɗi dalili ba. Waɗannan su ne ya kamata a fara miƙawa. A haɗa da na waɗanda suka yi ritaya, da waɗanda suka mutu, da waɗanda suka bar ƙasar. Inda aka tarar da giɓi, misali an kawo ƙara ba a rubuta matakin da aka ɗauka ba, a bar giɓin a rubuta a gefe cewa ba a yi komai ba. Wanda ya zauna da biro daren jajibiri yana cike ranakun da suka wuce, ya tashi daga sakaci ya koma ƙirƙirar shaida, kuma masu wannan sana'a sun saba gane tawadar da ta bushe jiya.

Sai jerin sunaye. Yawancin majami'u za su iya lissafa fastocinsu cikin minti guda. Kaɗan ne za su iya faɗin duk wanda ke kaɗaita da yaro a cikin sati: malamar makarantar Lahadi, mai koyar da waƙa, direban da ke maida yara gida, mai gadi, mai dafa abinci a sansanin matasa, da ɗan sa-kan da ya zo bara kowa na yabon kirkinsa. A Ingila akwai hukumar da ke tantance tarihin mutum wajen ƴan sanda da kotu kafin a ba shi aiki da yara, kuma mai bincike zai ɗauki suna da ka ya ce a nuna masa ranar da aka tantance wannan, da ranar da ya yi horo, da mutanen da suka tsaya masa. In babu, a ce babu.

Mafi wuya shi ne buɗe ƙofa ga mutanen da shugabanni ba sa son a ji. Tsarin da ake bi yanzu a Ingila ya haɗa da tambayoyin da ake amsawa ba tare da sa suna ba, da zama da ƙananan rukuni, da hanyar da mutum zai tuntuɓi masu binciken kai tsaye. Amma duk wannan ba ya aiki in ba a sanar ba. Sanarwa guda a allon bakin ƙofa ba ta isa. A faɗa a kan mumbari Lahadi bayan Lahadi, a kuma aika wa waɗanda suka daina zuwa, musamman waɗanda suka fita da fushi, don sau da yawa su ne ke riƙe da labarin. Kada a ce sai an bi ta hannun fasto. Kada a ajiye dattijo a ɗakin "don ya taimaka". Matar da aka cuta tana ƴar shekara goma sha biyu ba za ta buɗe baki ba alhali abokin wanda ya cuce ta na zaune yana kaɗa ƙafa.

Malamai ƴan uwana, mun san wannan wasan. Ranar da aka ce sufeto zai zo lakwal, ana share fili, a jera littattafan shiri, a maido da masu ƙoƙari benci na gaba, a bita musu tambayoyin da za a yi. A darasin lissafi illar ba ta wuce a yaudari sufeto. A maganar kariya kuwa, in ka koya wa yaro amsar da zai ba baƙo, ka koya masa cewa akwai abin da ba a faɗa wa na waje, kuma wannan shi ne ainihin darasin da mai lalata yake so yaro ya haddace. A bar yara su amsa da bakinsu. In aka tambayi yarinya wa za ta gaya wa in wani ya taɓa ta ta ce ba ta sani ba, wannan amsar ta fi shafi ɗari na dokoki amfani ga cocin.

Akwai fayil guda da nake ganin ya shafe mu a nahiyar nan fiye da sauran, shi ne na wanda ya tafi. John Smyth babban lauya ne da ke jagorantar sansanonin matasa Kirista a Ingila. A shekarun 1970 da farkon 1980 ya riƙa zane samari da sanda har jini ya zuba, da sunan horon ruhu. A 1982 wasu limamai sun rubuta rahoton cikin gida a kansa, suka ɓoye, ba su kai wa ƴan sanda ba. A 1984 ya koma Zimbabuwe ya buɗe sababbin sansanoni, inda a 1992 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 16 a wurin wanka. Daga baya ya wuce Afirka ta Kudu, ya mutu a can a 2018 ba tare da kotu ta hukunta shi ba. Rahoton Keith Makin, da ya fito ranar 7 ga Nuwamban 2024, ya kiyasta waɗanda ya cuta a ƙasashen Afirka sun kai wajen 85, kusan ninki uku na waɗanda ya cuta a Ingila. Kwana biyar bayan haka Justin Welby, Babban Bishop na Kantabari, ya sanar da murabus, don maganar ta iso ofishinsa tun 2013 ba a bi ta yadda ya kamata ba. Saboda haka duk ƙungiyar da ke shiri ta tambayi kanta: wa muka sallama cikin shekaru talatin ɗin nan, ina ya nufa, me muka rubuta a takardar shaidar da muka ba shi, kuma mun gaya wa waɗanda suka karɓe shi gaskiya?

Za a ce wannan duk aikin masu kuɗi ne, kuma takardu za su kashe gwiwar ƴan sa-kai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙaramar majami'ar ƙauye a Ingila ma na kukan yawan fom. Sai dai abubuwan da suka fi kare yaro ba su cin ko dala: kada babba guda ya kaɗaita da yaro a rufaffen ɗaki, a samu manya biyu a kowace tafiya, kada malami ya riƙa aika wa yarinya saƙo a waya da dare, a ajiye littafi guda da ake rubuta kowane ƙorafi da ranarsa, a kuma naɗa mutum guda da kowa ya san sunansa da fuskarsa. Wannan mutumin dole ya iya zuwa wurin hukuma ba tare da neman izinin shugaba ba. Shawarar da kwamitin 2020 ya ba Cocin Ingila ke nan, cewa jami'in kariya na dayosis ya tashi daga mai ba bishop shawara ya zama mai yanke hukunci da kansa.

Za a kuma ce tonon asiri makami ne a hannun maƙiya. A Nijar ba zan raina wannan tsoron ba. Kiristoci tsiraru ne, kuma ba a manta da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ba. Amma makarantun mishan cike suke da ƴaƴan Musulmi da na Kirista, kuma abin da ya kai iyaye can shi ne amana. Labarin da shugabanni suka fito da shi da kansu, haɗe da matakin da suka ɗauka, bai kai wanda ya fashe a WhatsApp bayan shekara goma zafi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ɓangaren Katolika ma na da doka a kai: a 2019 Paparoma Faransis ya wajabta wa kowace dayosis a duniya ta buɗe hanyar da jama'a za su kai ƙarar irin wannan cuta cikin sauƙi, kuma Yamai da Maraɗi na ciki. Uban da ɗansa ke makarantar mishan na da hurumin tambayar ina wannan hanyar take. Mai yaro a makarantar allo ko a lakwal ɗin kwana ta gwamnati kuma kada ya yi dariya, don tambayoyin nan duka suna jiran amsa a can ma.

Shi kansa binciken yana da iyaka. Tun daga 2015 wata cibiya mai suna SCIE ta bi dayosis ɗin Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma ba ita ta fallasa Smyth ba, gidan talabijin na Channel 4 ne ya yi a 2017, da taimakon waɗanda aka cuta. Mai bincike yana kwana kaɗan ne ya tafi, abin da aka ajiye masa yake gani, kuma wanda ake bincika shi ke biyan kuɗin aikin. Shi ya sa nake ganin a yanke wasu abubuwa a rubuce tun baƙin ba su iso ba, lokacin da ba wanda ya san abin da za su samo: za a buga rahoton gaba ɗaya, shugabanni na iya gyara kuskuren suna ko na rana amma ba za su taɓa hukunci ba, kowace shawara za a liƙa mata sunan mai aiwatarwa da wa'adi, kuma wani na waje zai dawo bayan shekara ya duba. In aka bari sai rahoto ya fito da zafi, ba za a rasa mai cewa a dakata a yi addu'a tukuna ba.

A Ingila ma maganar ba ta ƙare ba. A Fabrairun 2025 babbar majalisar cocin ta yi muhawara kan miƙa aikin kariya gaba ɗaya ga hukuma mai zaman kanta. Ta amince a fitar da ma'aikatan matakin ƙasa zuwa wata hukuma ta waje, amma jami'an dayosis, waɗanda su ne ke karɓar ƙorafin iyaye, ta bar su a hannun cocin har sai an ƙara nazari.