MU DAINA YI WA 'YAN AJI SHIDA SHIGAR AMARE

Zuwa ga 'yan'uwana malamai na reshen Rabah, da maƙwabtanmu na Wurno da Goronyo waɗanda wannan takarda kan isa hannunsu.

Wata baƙuwar al'ada ta taso daga makarantun kuɗi na birane, ta biyo hanya sannu a hankali, har ta fara leƙo makarantunmu na firamare. Da zarar zango na uku ya raba tsakiya, sai a aika wa iyayen 'yan aji shida da ƙyallen yadi, a ce ga ankon bikin yaye ɗalibai, kowace yarinya ta zo da kuɗinta kafin rana kaza. Daga nan gida ba ya sake samun sukuni. Uwa ta shiga neman mai zuwa Babbar Kasuwar Sakkwato, uba ya shiga sosa ƙeya, yarinya kuwa ta ajiye littafi ta koma zancen ɗinki. Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne: al'ada ce mai cutarwa, kuma bai kamata a ga hannun malami a cikinta ba.

Mu fara da asalinta. A Amurka, ɗaliban da suka kusa gama babbar sakandare sukan yi liyafar rawa ta bankwana, 'yammata su sayi doguwar riga ta musamman domin daren. Matasa ne masu shekara 17 zuwa 18, a ƙasar da ke da tata al'ada da nata arziki. Hotunan suka bazu a finafinai da Facebook da TikTok, masu makarantun kuɗi suka ga hanyar talla, suka haɗa ta da ankon bikin aure da muka saba da shi, suka ɗora wa yaran da ba su wuce shekara 12 ba. Mu kuma muka karɓa ba tare da mun tambayi amfaninta ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Sai mu dubi lokacin da ake neman kuɗin. Shekarar karatu tana ƙarewa ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin albasa da tafarnuwa na rani sun ƙare, manomi yana neman na taki da na 'yan ƙwadago. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu abin da farashinsa bai ɗaga ba, har zare da allura. Kuma anko ba yadi kaɗai ba ne. Akwai kuɗin tela, da mayafi, da takalmi, da jaka, da kitso, da lalle, da mai kwalliya, da mai hoto. Kowannenmu ya ɗauki alli ya haɗa lissafin da farashin yau, sannan ya auna shi da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ya kuma tuna cewa akasarin iyayen yaranmu ba su da albashi ko kaɗan. A cikin azuzuwanmu akwai marayu. Akwai 'ya'yan waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, tun harin Tabanni na 2018 da ya tura jama'a gudun hijira zuwa Gandi. Da wace fuska za mu miƙa wa irin wannan gida ƙyallen leshi?

Za a ce ai ba dole ba ne, wanda ba shi da hali ya bari. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa gaban aji ba. Idan 'yammata talatin suka fito iri ɗaya, biyar suka rage cikin kayan makaranta, to an yi wa biyar ɗin tambari a gaban gari. Yarinya ta san haka, uwarta ma ta sani. Saboda haka ko dai a ci bashi, ko a sayar da akuyar da ake tattali, ko yarinya ta ƙara yawan talla, ko kuwa ta ƙi zuwa ranar, ta zauna a ɗaki tana jiyo lasifika. Kayan makaranta an ƙirƙiro su ne domin ɗiyar attajiri da ɗiyar mai faskare su zauna benci guda ba a bambance su ba. Shekara shida muna kiyaye wannan daidaito, sai mu rushe shi da hannunmu a rana ta ƙarshe.

Amma abin da ya fi damuna ya wuce kuɗi. Tufafi magana ce, kuma jama'armu sun iya karanta ta. Idan aka yi wa yarinya lalle har gwiwar hannu, aka kafa mata ɗauri, aka shafe ta da hoda, aka ce ta gama, me muka gaya wa kakarta? Me muka gaya wa samarin da suka cika bakin shinge suna ɗaukar hoto da waya? Mun ce ta isa. Alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun tilas kuma kyauta shekara 9 ne, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Aji shida mashiga ce, ba masauki ba. Kowane malami a nan ya san cewa tsakanin aji shida da ajin farko na sakandare ne 'yammata suka fi zubewa. Muna kuka da haka a kowane taro, sannan mu shirya bikin da ke tabbatar wa iyaye cewa tafiya ta ƙare, bayan mun cinye kuɗin da za a ɗinka wa yarinya sabbin kayan makaranta da shi a watan Satumba.

Wasu kuma sukan ce, ai walimar saukar Alƙur'ani ma ana ado. Gaskiya ne. Amma a wurin sauka, allo ne abin kallo. Almajiri yakan riƙe shi ya karanta a gaban malamai da dattawa, jama'a su shaida abin da ya shiga ƙirjinsa. Haka Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, wadda ta rayu tsakanin Sakkwato da Wurno, takan naɗa wa jajin 'Yan Taru malfa da jan rawani bayan ta amince da saninta. Ilimi ne ke jawo sutura. Mu kuwa muna tufatar da yaran da wasunsu ba za su iya karanta sakin layi guda ba su yi tuntuɓe, mu kira abin nasara.

Hukumomi sun fara farkawa. A watan Yulin 2025 gwamnatin jihar Sakkwato ta haramta shagalin rubuce-rubuce a riga da ɗaliban sakandare ke yi ranar gama jarrabawa. A watan Agustan shekarar jihar Imo ta hana bikin yaye a nazire da ƙaramar sakandare, saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye. Mu ba sai mun jira takarda daga SUBEB ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: babu ankon da zai shiga makaranta in ba malami ne ya zaɓi yadin, ya rubuta sunaye, ya karɓi kuɗin ba. Inda kuma aka haɗa baki da mai kanti ko tela domin a sami ɗan lasawa, to an sayar da mutuncin alli da araha, kuma an ba masu cewa malamai ba su cancanci ƙarin albashi ba sandar dukanmu.

Ga abin da nake roƙon reshe ya tsayar a zamansa na gaba, ya kuma isar wa sakataren ilimi da kwamitocin kula da makarantu. Na ɗaya, a yi taron yaye, amma kowane yaro ya zo cikin kayan makarantarsa wankakku. Na biyu, kada wani ɗan ƙungiya ya zaɓi yadi, ko ya nuna tela, ko ya karɓi ko kwabo da sunan anko. Na uku, yara su yi karatu da lissafi a gaban iyayensu, kyauta kuma ta zama littafi da alƙalami. Na huɗu, kowane shugaban makaranta ya riƙe sunayen 'yammatan da suka gama, a bi sawunsu gida gida har a ga sun zauna a ajin farko na sakandare.

Sardauna Ahmadu Bello a garin nan aka haife shi, kuma karatu ne ya kai shi Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin duniya ta san shi. 'Yammatan Rabah ma suna da rabon tafiya mai nisa, in ba mu sauke su a aji shida ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka danƙa mana, amin.