Tausa amana ce, hannu ya san iyakarsa

Tausa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ungozoma na gasa jikin mai jego, mai ɗori na murza targaɗe, jika na taka wa kakarsa baya idan gajiya ta taru. Duk a cikin gida ake yi, a idon jama'a, kuma kowa ya san inda hannu zai tsaya. Yau sana'ar ta koma otal-otal da gidajen gyaran jiki na Wuse da Maitama, har da masu talla a Instagram cewa za su iske mutum a gida. Kasuwa ta buɗe, amma idon da ke tsaron mutunci ya ragu.

Wanda ya hau gadon tausa ya rage tufafinsa, ya juya baya, ya miƙa jikinsa ga wanda bai sani ba. Wannan amana ce, kuma idan aka ci ta, ɓarnar ba ƙarama ba ce. A Amurka, Larry Nassar, likitan tawagar 'yan wasan alkafura ta ƙasar, ya shafe shekaru yana lalata da 'yan mata da sunan magani, wani lokaci ma iyayensu na cikin ɗakin. A Janairun 2018, bayan mata fiye da 150 sun faɗa wa kotu abin da ya yi musu, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. Abin da ya ba shi dama shi ne yaran ba su san inda magani ya ƙare ba, waɗanda suka yi ƙorafi kuma aka yi biris da su.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce bayani kafin taɓawa. A gaya wa mutum wace gaɓa za a taɓa da dalilin taɓa ta, a jira amincewarsa. A rufe sauran jiki da mayafi, a bar al'aura a inda addini da al'ada suka ajiye ta. A ba shi zaɓin mace ko namiji, da 'yancin shigowa da ɗan rakiya. Idan ya ce a dakata, magana ta ƙare. Abin da aka gani a ɗakin kuma ba na hira ba ne, lambar wayarsa ba ta zance ba ce.

Akwai kuma iyakar sani. Mai tausa ba likita ba ne. Sha-raɓar da ta kumbura ta yi zafi na iya ɗauke da gudan jini, murza ta na iya tura shi zuwa huhu. Asibiti ya kamata a nuna wa mai ita.

Sai dai kada mu ɗora laifi a ɓangare ɗaya. Akwai mazan da ke ɗauka cewa kuɗin da suka biya ya sayi har mutuncin yarinyar da ke musu aiki. Ita ma tana da haƙƙin tsame hannunta ta fita, kuma wajibi ne mai gidan ya tsaya mata, ko da zai rasa abokin ciniki.

Wasu na ganin a rufe wuraren kawai a huta. Ban yarda ba. Mai ciwon baya da wanda tsufa ya ɗaure wa gaɓoɓi suna da buƙata ta halal, kuma rufewa za ta mayar da sana'ar bayan fage ne, inda babu mai gani. Gyara ya fi. Yadda hukumar MRTB ke yi wa likitocin gashi rajista, haka ya kamata hukumomin Abuja su tilasta wa kowane gidan tausa rajistar ma'aikatansa, da manna ƙa'idojinsa a bango, da bayyana inda za a kai ƙara. Dokar VAPP ta 2015 ta riga ta haramta cin zarafi, kuma NAPTIP ce ke aiwatar da ita a babban birnin tarayya.

Kai mai zuwa tausa, ka yi tambaya kafin ka kwanta. Wurin da ya ji haushin tambayarka, ɗauki takalminka ka kama gabanka. Tun ran gini ran zane.