Manhajar share hayaniya a gwajin ido: a riƙa ajiye asalin sakamakon

A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan wayoyin Samsung Galaxy, bayan wani ya nuna cewa kyamarar tana ƙara wa hoton wata ramuka da tabon da babu su a ainihin abin da aka ɗauka. Mutane sun yi dariya sun wuce. Amma idan manhaja ta yi irin wannan gyaran a sakamakon gwajin ido, ganin mutum ne a kan gaba.

Gwajin ERG yana auna wutar da retina, tantanin da ke bayan ido, ke fitarwa idan haske ya faɗa masa. Wutar ƙanƙanuwa ce, ana lissafa ta da maikrovolt, wato kashi ɗaya cikin miliyan na volt. Don haka ƙifta ido, motsin tsokar fuska da wayoyin lantarkin ɗakin duk suna shiga cikin zanen su dagula shi.

A nan manhaja ke shigowa. Lantarkin Najeriya da Nijar yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, na Amurka sau 60, kuma akwai matatar da ke cire wannan kaɗawar. Matsalar ita ce amsar da retina ke bayarwa tana da rabo a wannan yankin, sai matatar ta debe hayaniya tare da wani ɓangare na saƙon. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar ISCEV, wadda ke tsara wannan gwaji a duniya, ba ta goyon bayan amfani da ita. Inda ake aiki da janareta abin ya fi wuya, domin kaɗawarsa ba ta tsayawa daram a 50.

Mai cutar retinitis pigmentosa, wadda kan fara da dundumi, saƙon idonsa kan yi rauni har ya kusa nutsewa cikin hayaniya. Manhajar AI da ta saba da zanen masu lafiya za ta iya goge masa shi ya yi sumul, ko ta ƙara masa abin da babu.

Hanyar da ta fi aminci tsohuwa ce: a manna na'urar da kyau, a maimaita gwajin sau da yawa, a ɗauki matsakaici. Manhaja ta taimaka, amma dole likita ya ga asalin zanen kusa da wanda aka tace. Kamfanin da ya ɓoye shi bai cancanci a amince da na'urarsa ba.